Hular da Ta Ƙi Fita daga Kan Virgil

Ranar da hula ta maƙale a kan Virgil Kuchta ina wurin, ni ne ma na kai shi a motata. Saboda haka duk wanda ya ba ka labarin ba yadda zan faɗa maka ba, a shagon aski ya tsinto shi.

Asabar ce, ganyen bishiyoyi ya fara ja, ana cin kasuwar masu tara tsofaffin kayan ƙwallo a zauren cocinmu na nan Port Kessler. Tebur ya fi hamsin, an zube riguna da tutoci da katuna da fastoci, ga dattawa sun sunkuya a kai da tabarau kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Ni abin da ya kai ni pirogi ne, ɗan ƙullin fulawa mai dankali a ciki da matan coci ke soyawa a kicin. Virgil kuwa, maƙwabcina na shekara talatin da takwas, tun da ya ajiye aikin raba wasiƙu ba shi da wata sana'a sai wannan.

Ina cikin faranti na biyu na hango shi ya ƙame a gaban teburin wani mai gashin baki da ya zo daga Pennsylvania. Hular fata ce a hannunsa, irin wadda 'yan ƙwallonmu ta runguma da ture-ture ke sawa kafin a fito da ta roba, ta yi baƙi ta ƙeƙashe kamar ƙasan tsohon takalmi. Ya ɗaga marfin kunnen, ya ga an rubuta O'HARA 31 da tawada.

Mai gashin baki ya ce, "Baba, da ido ake kallo."

Virgil ko jinsa bai yi ba. Ya ɗaga hular ya danna a kansa. Shiga kam ta shiga, har da wani ɗan sauti, fat, kamar an toshe kwalba. Fitar ce aka nema aka rasa.

Ya ja, ya murɗa, ya sunkuya ya sake ja. Kunnuwansa suka naɗe a ciki, fuskarsa ta yi jawur. Mutane suka bar teburansu suka yi masa zobe. Na taho da farantina a hannu, don ba a barin pirogi da zafi.

Na ce, "Kyaftin, ƙarfe nawa za a take wasan? In kira maka masu ganga?"

Ya ce, "Del, rufe mini baki ka kama nan ka ja."

Na kama na ja, ya kurma ihu. "A hankali, jaki! Za ka yaga ta!" Ka ji fa, ba wuyansa yake ji ba, hular yake ji.

Fada Benedik, limamin cocin, ya fito daga kicin da curin bota a cokali ya ce a shafa a gefen kunnuwan. Virgil ya ja da baya har ya ture teburin katuna. "Fada, in ka sa wa fatar nan mai, wallahi na bar cocin nan! Shekararta saba'in ba wanda ya shafa mata komai!" Wani ɗan kwana-kwana da ya zo sayen tuta ya zaro almakashi daga aljihu. Virgil ya nuna shi da yatsa ya ce duk wanda ya matso da ƙarfe sai kotu ta raba su.

Mai gashin baki dai yana zaune, ya harɗe hannu yana murmushi. Ya ce shi ba ya hana kowa tafiya, amma hularsa ba ta fita zauren nan sai an saye ta. Ka taɓa ganin mutum yana ciniki kayan na manne a kansa? Abin da mutumin ya faɗa shi Virgil ya biya, bai rage ko dala ɗaya ba.

Haka na ɗauko shi. A fitilar kan titin Kogi wata babbar mota ta tsaya gefenmu, direban ya leƙo ya buga oda ya ce, "Kaka, ci su!" Ni kuwa na bi ta doguwar hanya, na wuce ta gaban shagon aski da kantin magani a hankali. Ya ce me ya sa ba mu bi ta gada ba, na ce ana gyara. Ba a gyaran komai.

Matarsa Loretta ta buɗe ƙofa, ta dube shi tun daga ƙafa har hula, ta ce, "Ya Ubangiji, me na yi maka?" Ta zaunar da shi a baranda, ta ɗora masa ledar ƙanƙara a wuya, ta ce kada ya yi magana sai jinin ya sauka. Loretta tela ce, shekara talatin tana rage wa amare riguna, ta san yadda ake fitar da mutum daga abin da bai kai shi ba. Ta cusa safar mata ta ƙarƙashin fatar ta kwantar da kunnuwan, ta riƙa murzawa kaɗan-kaɗan. Sai wajen ƙarfe huɗu hular ta saki. A tsakiyar sanƙonsa ga wani jan tambari, zagayayye, girman kwabo.

Na ce, "To, an buga maka hatimi, saura a jefa ka a akwatin wasiƙa."

Bari in gaya maka abin da ya sa mutum mai shekara sittin da biyar zai danna kansa a hular da ba tasa ba.

Zamanin da masana'antar ƙarfe ke hayaƙi a garin nan, ma'aikatanta suna da ƙungiyar ƙwallo, Maƙeran Kessler. Ranar Lahadi suke wasa don ita ce kaɗai ranar hutunsu. A 1947 suka lallasa mutanen ƙetaren kogi suka ɗauki kofin garuruwan kwarin nan, kuma tun daga nan garin nan bai sake cin komai ba sai ambaliya. Wanda ya rungumi ƙwallo ya tsallaka layi da ita a minti na ƙarshe, a duk takardun wasan an rubuta sunansa Red O'Hara, mai lamba talatin da ɗaya. Virgil ya ce ubansa ne, Jozef Kuchta.

Yadda ya ba ni labari, kakarsa Zuzana daga Slovakiya ta zo da littafin addu'arta, ta kuma rantse ɗanta ba zai je ya fasa kansa a ranar Ubangiji ba. Sai Jozef ya yi abin da samari da yawa ke yi a lokacin: ya ari suna. Mai baƙin gashi, Turancinsa ma da ƙyar, ya zama Red O'Hara, wato mai jan gashi, ɗan Ayalan. Bayan an tashi daga coci ya ce zai kwanta, ya dira ta taga, ya dawo da yamma ya ce a tsani ya faɗo. Shekara uku yana faɗowa a tsani duk Lahadi. Ya mutu Virgil na da shekara goma sha tara, kuma sau ɗaya tak ya faɗa masa, suna gyaran mota. Bai bar riga ba, bai bar hoto ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, "Kanka irin nawa ne, da ka yi ƙwallo."

Ni dai ubana bai taɓa ɓoye sunansa ba. Shi ma bai taɓa fashin wasan Maƙera ba, amma ta ramin katangar katako yake leƙawa, wajen tulin gawayi, bai taɓa sayen tikiti ba har ya mutu, kuma yana alfahari da haka. Na tambaye shi sau ɗaya ko ya san O'Hara, ya ce daga ramin nan ƙafafu kawai ake gani.

Shekara arba'in Virgil yana neman abu ɗaya da zai haɗa sunan nan biyu. A garin nema ya cika ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ka sauka ka ga tutoci sun rufe silin, ƙwallaye sun sace sun yi kama da busasshen kabewa, ga fastoci da bangon takardun wasa irin waɗanda ake zanawa da hannu, 'yan wasa masu haɓa kamar shebur suna tsalle a kan gajimare. Kowanne yana cikin leda, kowace leda da lamba. Loretta ta ce injin wankinta ne kaɗai abin da ba a sa wa lamba ba a ɗakin, shi ma don yana motsi ne. Kuma dokar masu tara kayan nan guda ce, sun riƙe ta fiye da dokoki goma na Fada: ba a wankewa, ba a gogewa, ba a ɗinkewa, ba a farkewa. Taɓon da ya bushe a riga tun 1950 ya fi rigar daraja. Na taɓa hure ƙura a kan wata ƙwallonsa, wata biyu bai gaishe ni ba.

To a shekarar nan wasan ya cika saba'in, majalisar gari ta ce za a kafa allon tagulla a tsohon filin, da sunayen 'yan wasa ashirin da biyu, a buɗe shi ranar bikin godiya ga Allah da ake yi a nan duk ƙarshen kaka. Aka naɗa kwamiti, aka ba Elwood Straka shugabanci. Tsohon shugaban makaranta ne, wanda har yau in ya dube ka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Shi ne ya kore ni daga aji bakwai, amma wannan wani labarin ne. Ya ce sunayen da ke takardar wasa su za a zuba, duk mai ƙorafi ya kawo hujja a rubuce kafin ƙarshen Oktoba, don ranar za a aika wa masu narka tagulla. In aka zuba, an zuba ke nan.

Zaman farko Virgil ya je da wani bangon takardar wasa, ya nuna ɗan wasan da aka zana, ya ce a dubi hancin, hancin gidansu ne. Ya ma juya gefe don a gwada. Mista Straka ya ce mai zanen nan hanci ɗaya ya iya, har alƙalin wasa da karen da ke gefen fili shi ya yi musu.

Saboda haka da hular nan ta faɗo hannunsa, ko in ce kansa, ya ɗauka magana ta ƙare. Ranar Talata ya sa kwat, ya sa hular a kwali da auduga, na kai shi laburaren gari inda kwamiti ke zama. Na shiga na zauna a baya, don ba na son a ba ni labari.

Mista Straka ya sa farar safar hannu, ya juya hular, ya karanta tawadar. Ya ce, "Kaya mai kyau, Mista Kuchta. Ta gaske ce, ba shakka."

Virgil ya ce, "To alhamdulillahi."

"Ta tabbatar mana O'Hara yana da kai. Ba ta tabbatar mana kan mahaifinka ba ne."

"Ai ta shiga kaina! Ya ce kanmu ɗaya!"

"Labarin da ya iso mini shi ne ba ta fita ba."

Dariya ta ƙwace mini har sai da mai kula da laburare ta zo ta ce in fita. Da muka iso gida Virgil ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina kai wa mutumin nan wasiƙa. Ko sau ɗaya ban ce ya kawo hujja cewa shi ne Straka ba."

Loretta ce ta gano abin. Tambarin sanƙon ya kwana huɗu bai ɓace ba, ta ce fata ba ta yi wa mutum haka. Ta ɗauki hular ta kai taga, Virgil na bin ta yana cewa ta wanke hannu. Ta latsa tsakiyar shafin ciki da ɗan yatsa ta ce akwai abu mai tauri a ƙasa. Sannan ta sa tabarau ta bi ɗinkin. Ta ce, "Duba nan, tsoho. Wannan duk keke ne ya yi, na kamfani. Amma daga nan zuwa nan hannu ne, kuma hannun mace. An farke an sa abu an mayar. Irin ɗinkin nan mahaifiyata ke yi wa matashin kai, 'yan ƙasarmu ne ke yin sa." Ta buɗe akwatin ɗinkinta ta ɗauko ɗan ƙarfen farke zare. "Minti biyu."

Virgil ya fizge hular ya rungume. "Kin haukace? Ba a farkewa!"

"To zauna da ita. Ka haifi ɗa da ita."

Mako uku aka yi ana wannan. Ina jin su ta katanga, safe da yamma. Ya ce a duk duniya hular Maƙera uku suka rage, kuma wannan ce kaɗai ba a taɓa ba. Ya ce in aka farke aka sami maɓallin wando fa, ya lalata abin da ubansa ya bari a banza. Ta ce in ba a farke ba ai ba ubansa ne ya bari ba, O'Hara ne. Ya daina cin abinci sosai. Ya daina share ganyen gabansa, iska na kwaso shi tana zubawa a nawa.

Ya gwada dabara. Ya kai hular wurin likitan haƙori ya roƙe shi ya ɗauke ta hoton ƙashi. Na raka shi, na ga an kwantar da hula a kujerar marasa lafiya, na tambayi likita ko za a cire mata haƙori. Hoton ya fito da wani farin abu zagayayye, ba rubutu, ba komai. Virgil ya kai wa Mista Straka har gida. Shi kuwa ya duba ya ce, "Kwabo ne. Yanzu mun san O'Hara yana da kai, yana da kwabo."

Da yammar ranar na same shi a baranda, kwalin a cinyarsa. Na ce, "Maƙwabci, kawo in taimake ka. Ka tafi bayan gida, ni in sa wuƙar aljihuna, in ka dawo ka zage ni. Kai ba ka karya doka ba, ni kuma dama ba ni da ita."

Ya ce, "Del, kai ba ka san komai ba."

"Na san ranar Talata wata zai ƙare."

Ya shafa gefen kwalin. Can ya ce, "Duk abin da ke ɗakin ƙasan nan na wasu ne. Uban wani, kakan wani. Wannan ne kaɗai zufarsa ta taɓa. Kuma sai na yanka shi kafin a yarda nasa ne." Ban tsokane shi ba a wannan karon. Na dai ce masa ganyensa ya cika mini ƙofa.

Talata ƙarfe uku muka koma laburare, mu uku, Loretta da jakarta. Kwamiti na zaune, Fada Benedik ma yana ciki, takardar sunayen tana gaban Mista Straka a cikin ambulan, saura liƙewa. Virgil ya ajiye hular a tebur ya miƙa hannu, Loretta ta sa masa ɗan ƙarfen. Ya kai bakin ƙarfen kan zaren, ya janye. Ya sake gwadawa. Mista Straka, wanda shi ma yana da tarin katuna a gida, ya miƙe tsaye ya ce, "Mista Kuchta, tsaya. Ka san abin da kake shirin yi? In ka taɓa ɗinkin nan rabin darajarta ya tafi."

Virgil ya ce, "Kai ka ce a rubuce. Ba a rubuce a waje ba, bari mu duba ciki." Ya tura wa matarsa. "Yi ke, ni ba na gani."

Loretta ta ɗaga zare ɗaya bayan ɗaya, ba ta yanke ko guda ba, zarewa ta yi. Ni kaina na daina tauna cingam. Ta sa yatsa biyu ta jawo wani ɗan ƙullin farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa. A ciki 'yar lambar azurfa ce mai hoton waliyyi, irin wadda tsofaffinmu ke ratayawa a wuya. A jikin ƙyallen kuma an yi rubutu da jan zare, ƙanana-ƙanana. Layin sama ko ni na gane shi: JOZEF KUCHTA. Na ƙasa da yaren Slovak ne, sai aka miƙa wa Fada.

Fada ya karanta a zuci, kafaɗunsa suka fara rawa.

Virgil ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce, Allah ka tsare kan wawan ɗana."

Kowa ya yi dariya, har Mista Straka sai da ya juya ya yi tari. Virgil ne kaɗai bai yi ba. Ya zauna daɓas, ya dafe tambarin sanƙonsa da ya daɗe da warkewa. "Ta sani," in ji shi. "Ashe tsohuwar nan ta sani. Shekara uku yana dira ta taga yana yaga wando, ita kuwa ta lallaɓa ta ɗinka masa waliyyi a hula. Da ɗayansu ya buɗe baki ya yi wa ɗaya magana, da sunansa na takarda, da ban ƙare rayuwata a ƙarƙashin ƙasa da ledoji ba!"

Loretta ta ce, "Gidanku ke nan. Ka ga inda ka gado."

Mista Straka ya share tabarau ya ce hujja ta tsaya. Amma doka doka ce, wanda ya buga wasa a takarda O'Hara ne, shi za a fara rubutawa, sai a sa sunan gaskiya a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe. Virgil ya yi ta faɗa har aka kusa rufe laburare, ya ce yaya mutumin da ba a taɓa haifa ba zai hau kan ubansa. Bai ci ba. Mista Straka ya ɗauki biro ya ƙara layin da irin rubutunsa na tsutsa, ya liƙe ambulan. Virgil ya ce a ba shi ya duba, Mista Straka ya ce shekara arba'in yana gyara wa yara rubutu, ba mai raba wasiƙa ne zai duba nasa ba.

Ranar bikin godiya sanyi kamar zai cire hanci. Gari ya fito tsohon filin, makaɗan makarantar sakandare suna busa abin da su kaɗai suka san mene ne. Virgil ya sa kwat ɗinsa, lambar azurfar na wuyansa, hular na cikin akwatin gilashi a hannun Loretta, ta mayar da ɗinkin da zarensa na asali. Magajin gari ya yi jawabin da ya fi wasan kansa tsawo, sannan aka ja ƙyalle.

Allon ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Muka matsa. Ga RED O'HARA, 31, ga ƙaramin layi a ƙasa. Virgil ya manta tabaransa a mota, yana ta ƙanƙance ido yana murmushi, idon ya cika da ruwa.

Ni ba mai karatu ba ne, kowa ya sani. Amma shekara talatin da takwas ina kallon akwatin wasiƙar mutumin nan duk safiya, na san fasalin sunansa kamar yadda na san fuskarsa. Na duba, na sake dubawa. T ɗin da ke zama kusa da ƙarshe ta yi tsalle ta dawo gaba. KUTCHA. A tagulla, an zuba, an kafe da ƙusa huɗu.

Loretta ta gani, ta taka mini ƙafa. Na san nufinta. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani na yi ƙoƙari, na kai wajen daƙiƙa goma.

Na ce, "Maƙwabci, barka. Uban kowa suna ɗaya gare shi a allon nan, naka uku. Ga O'Hara, ga wanda ka sani, ga kuma wani sabo, Kutcha."

Ya karɓi tabaran Loretta ya ɗora, ya sunkuya har hancin gidan nasu ya kusa taɓa tagullar. Ya daɗe a haka. Wuyansa ya yi ja irin na ranar hula. Ya ɗago ya nemi Mista Straka da ido, shi kuwa ya riga ya shige bayan masu busa yana duba igiyar takalminsa. Mutanen da ke kusa suna jiran ya fashe.

Na ƙara da cewa, "Kada ka damu, nan da shekara saba'in wani zai sami hujja."

Virgil ya cire tabaran ya miƙa wa matarsa. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaga murya yadda har magajin gari zai ji.

"Del, ubana a juye ma yana cikin fili. Ranar da za a kafa allon masu leƙe ta ramin katanga, ni da kaina zan tsaya a rubuta sunan ubanka daidai, in kuma karanta maka shi."